Gyaran Ƙananan Ƙarafan Cikin Tsohuwar Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Hannun ƙofa, mariƙin ɗaga gilashi, zoben da ke kewaye da agogon gudu, mazubin tokar taba, ƙugiyar akwatin dashbod, ƙafar madubi, layin da kujera ke zamewa a kai, da ɗimbin sukurori da sifirin da ke riƙe da su: waɗannan su ne suka fi wuyar samu idan sun lalace, kuma su aka fi ɓatawa garin gyara. Yawancin ɓarnar tushenta ɗaya ne, a kama gogewa ko jiƙawa tun ba a san irin ƙarfen da ke hannu ba.

Ruwan sama ba ya dukansu, to me ke cinye su?

Laima da gumi. Robar bakin gilashi idan ta bushe ta tsage, ruwa na zirarewa cikin ƙofa, ya jiƙa kafet, ya kwana. Rana ta fito ya zama tururi, dare ya yi ya sauka a kan duk ƙarfen da ya yi sanyi. Gumin hannu kuma yana da gishiri, shi ya sa hannun ƙofar direba kullum ya fi sauran lalacewa. Hayaƙin taba na barin wani danƙo ruwan kasa mai riƙe laima. In ba a toshe inda ruwa ke shiga ba, duk abin da aka gyara zai koma gidan jiya.

Ta yaya zan gane irin ƙarfen da nake riƙe da shi?

Nemo maganaɗisu, sannan ka juya abin ka duba bayansa, inda ba a gani idan an ɗaura.

Idan maganaɗisu ya kama da ƙarfi kuma akwai jar tsatsa, baƙin ƙarfe ne, ko da an lulluɓe shi da kurom, wato rufin nan mai ƙyalli kamar madubi. Idan bai kama ba, abin yana da nauyi, bayansa toka-toka ne, da layin haɗin ma'auni da lambobin da suka taso, to zubin tutiya ne, wanda ake kira Zamak. Kamfanin New Jersey Zinc na Amurka ne ya fito da shi a 1929. Kusan duka tutiya ce, da alminiyam kamar kashi 4 cikin 100, da ɗan maganiziyam da jan ƙarfe. Yawancin hannuwan ƙofa da mariƙan gilashi na tsofaffin motoci da shi aka zuba su, domin yana narkewa a wajen digiri 385 na ma'aunin Salshiyas kuma yana ɗaukar kowane irin zane. Shi ne kuma ya fi kowa saurin fushi: asid na cin sa, soda mai ƙuna na cin sa, wuta na narkar da shi ba tare da ya yi ja ya gargaɗe ka ba.

Alminiyam ba ya ɓuya saboda rashin nauyi. Bai kai rabin nauyin Zamak mai girmansa ba. Tagulla kuwa, ɗan karce bayanta da magagari za ka ga rawaya. Sitenlas, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, yakan zo a siririn falle da aka lanƙwasa, launinsa ɗaya ciki da waje. Kada maganaɗisu ya ruɗe ka a kansa: nau'in 304 ba ya kamawa, amma nau'in 430 da aka yi amfani da shi sosai wajen adon mota yana kamawa.

Akwai kuma wanda ba ƙarfe ba ne sam. Daga shekarun 1960 aka yawaita roba mai rufin ƙyalli. Ƙwanƙwasa shi da farce, ba ya ƙara irin ta ƙarfe, kuma ba shi da sanyi a leɓe ko a kumatu. Wani rufin nasa tururin alminiyam ne kawai, tsumma da man gogewa za su share shi a shafa biyu. Ruwan sabulu kaɗai ya dace da shi.

Mariƙin gilashi ya ƙi fita. In sa sukurudireba in ɓanɓaro shi?

A'a, Zamak ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Hanyoyi uku aka saba riƙe shi da su. Ko dai sukuru a tsakiya, ɓoye ƙarƙashin murfin roba. Ko siririn fil da ya ratsa ta gindinsa. Ko wata waya mai siffar kofaton doki da ta shige cikin tsagi. Danna allon ƙofar ciki da yatsa ka haska tocila tsakaninsa da mariƙin, za ka ga wanne ne. Fil ana tura shi da siririyar ƙusa. Wayar kuma, zura bakin tsumma a bayan mariƙin ka riƙa ja hagu da dama, zai kamo ƙafafunta ya fitar da ita. Tare da tafin hannu, don tana tsalle ta ɓace.

Kafin ka taɓa zoben hon ko makunnar taba, cire wayar batir ta nagetif. Ɗauki hoton komai kafin kwancewa, kayan kowace ƙofa a ledarsu da rubutu, saboda na hagu da na dama sukan yi kama alhali ba ɗaya ba ne.

Me ya sa kan sukurori ke cinyewa duk da ina amfani da sukurudireba mai gicciye?

Domin gicciye ba iri ɗaya ba ne. Tsofaffin motocin Japan suna da sukurori na ma'aunin JIS, sau da yawa da ɗan ɗigo a gefen gicciyen, kuma bakin Phillips, wato gicciyen da aka saba da shi, yana zamewa a cikinsu. Motocin Ingila da dama tun daga shekarun 1960 suna da Pozidriv, mai ƙananan layuka huɗu tsakanin hannuwan gicciyen. Kowanne a nema masa bakinsa. Ɗiga man sassauta tsatsa ka bar shi ya kwana, kafa sukurudireba, buga bayanta da guduma sau biyu a hankali, ka ɗan ƙara ɗaurewa kafin ka kwance. Idan kan ya riga ya cinye, yanka masa sabon tsagi da ƙaramin zarto.

Kada ka yar da tsohon sukuru sai ka sami madadinsa a hannu. Haƙoransu sun bambanta: na milimita a motocin Turai da Japan, na inci a motocin Amurka, sannan agogunan motocin Ingila da kayan wutarsu suna da nasu mai suna BA. Sukurun da ba nasa ba zai shiga zagaye biyu ya cije, in ka matsa ya share haƙoran ramin.

Da me ake farawa bayan an kwance?

Da ruwan ɗumi, sabulun wanke kwanuka da tsohon buroshin haƙori. Tsohon giris da ya daskare kananzir ke narkar da shi. Kada ka yanke hukunci a kan abu sai ka wanke shi ya bushe, domin sau da yawa abin da ake zaton tsatsa ce, danƙon taba ne da dattin hannu, kuma kurom lafiyayye na nan a ƙarƙashi.

Kurom ɗin ya yi ɗige-ɗigen tsatsa. Samfefa za ta fitar?

Za ta fitar da tsatsar, ta haɗa da kurom ɗin. Abin da ake kira kurom hawa-hawa ne: yawanci jan ƙarfe a ƙasa, nikel a tsakiya, kurom a sama. Kaurin na saman bai kai kashi ɗaya cikin 1000 na milimita ba, gashin kai ya ninka shi sau da yawa. Tsatsar da kake gani ta ƙananan huji ta ɓullo daga ƙarfen ƙasa ta bazu a sama, don haka ɗage ta ake yi, ba kankarewa ba.

Dunƙule takardar alminiyam, tsoma a ruwa, ka goga a hankali. Ta fi kurom laushi, ba ta karce shi. Inda ta ƙi, soson ƙarfe mai lamba 0000 da ɗan mai, ba tare da dannawa ba. Wanke, busar, sannan ka shafa kakin goge mota don ya toshe hujin, in ba haka ba ɗigon zai dawo. Idan ka ga wurin ya fara komawa rawaya-rawaya, ka iso nikel, tsaya. Idan ya yi ja, ka iso jan ƙarfe, gogewa ba ta da sauran amfani.

Motocin da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1920 galibi nikel ne zalla aka rufa wa ƙarafan adonsu, babu kurom. Haskensa na da ɗumi, na kurom kuma yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. Nikel ya fi laushi, man goge ƙarfe da tattausan yadi sun wadatar.

Hannun ƙofa ya yi ƙuraje kamar fatar kada. Akwai magani a gida?

Maganin da zai mayar da shi sabo, babu. Ƙurajen daga ciki suke tasowa. Laima ta shiga ta hujin rufin, tutiyar ƙasa ta ruɓe ta zama farin gari, garin ya kumbura ya ɗaga rufin. Ƙarƙashin kowane ƙurji akwai rami, kuma ramin yakan fi bakinsa faɗi.

Zaɓi uku ne. Na farko, a wanke, a shafa kaki, a zauna da shi haka. Ga ƙuraje ƙanana, wannan shi ne muka fi ba da shawara. Na biyu, a kankare shi da samfefa, a cike ramukan da gam ɗin efoksi, a yi masa fenti. Zai yi santsi, amma ba zai yi ƙyallin kurom ba, kuma an rufe ƙofar sake rufa masa kurom sai an cire efoksin, tunda da wutar lantarki ake yin rufin, ita kuwa ba ta bi ta cikin efoksi. Na uku, a kai wa masu rufin ƙarfe da suka san Zamak. Aikinsu shi ne su cire tsohon rufi, su rarake kowane rami har su iske lafiyayyen ƙarfe, su shimfiɗa jan ƙarfe, su cike ramukan da dalmar liƙi, su sake jan ƙarfe su goge, wani lokaci sau da dama, kafin nikel da kurom. Tambayi mai aikin yadda zai yi da ramukan. Wanda ya ce zai goge su da inji har su ɓace, zai dawo maka da hannu siriri wanda zanensa ya shafe.

Wata cutar daban ce idan ka ga abin ya tsattsage kamar busasshiyar laka, ya kumbura, ya daina shiga mazauninsa. Wannan daga zubin ne, dalma ta gurɓata tutiyar tun a masana'anta, kuma an fi ganinta a kayan shekarun 1930 zuwa 1950. Ba ta tsayawa, ba ta gyaruwa. A nemi wani.

Baƙin ƙarfen da ya yi tsatsa fa, a me zan jiƙa shi?

Ga ƙananan abubuwa kamar maƙalai da cikin mazubin toka, ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 yana yi cikin awa 12 zuwa 24. Garin asid ɗin sitirik ya fi shi sauri: giram 50 zuwa 100 a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, cikin mazubin roba, kana dubawa duk bayan awa biyu kana gogewa da buroshi. Sai an wanke maiƙo tukuna, domin asid ba ya ratsa giris. Baƙin da ƙarfen ke yi ba lalacewa ba ce, buroshi na fitar da shi.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne na bayan fitarwa. Ɗauraye, tsoma a ruwan da aka narkar da babban cokali ɗaya na bekin soda a lita ɗaya don kashe ragowar asid, sake ɗaurayewa, ka busar nan take da iska mai zafi. Ƙarfen da ya fito tsirara yakan yi jan hoda cikin mintuna. A ranar za a yi masa fenti ko a shafa mai.

Duba da kyau kada a haɗa da wani ɓangare na Zamak ko alminiyam a jiki. Kumfa mai yawa da zarar an tsoma alama ce tutiya na narkewa, fitar da shi. Ruwan batir da asid ɗin wanke siminti kuwa ba su da wuri a wannan aiki, garin neman gira a rasa ido.

Ana cewa ana cire tsatsa da wutar lantarki. Yaya ake yi?

Hanya ce mai kyau ga abin da ba a so ya rage kauri, don ba ta cin lafiyayyen ƙarfe. A bokitin roba, narkar da babban cokali ɗaya na sodar wanki a kowace lita 4 ta ruwa. Rataya abin da waya a tsakiya, ka jera guntayen baƙin ƙarfe marasa amfani a gefe, kada su taɓa shi. Baƙar wayar cajar batir mai bolt 12, wato nagetif, a jikin abin da ake gyarawa. Jar wayar a jikin guntayen. In ka juya su, abin naka ne zai cinye. Ƙananan kumfa za su fara tashi daga jikinsa, cikin 'yan awoyi zuwa kwana ɗaya tsatsar ta saki. Gefen da ke fuskantar guntayen ne ke fara tsabta, sai a riƙa juyawa. Cajojin zamani masu kwakwalwa sukan ƙi tashi idan ba su ji batir ba, tsohuwar caja ta fi dacewa.

Sharuɗɗa biyu ba a wasa da su. Kada a sa sitenlas a matsayin guntayen, yana sakin gubar kurom cikin ruwan. Kuma a yi a fili, nesa da wuta, domin kumfar iskar haidurojin ce mai kamawa.

Na jiƙa sifirin ya fito fes, da na ɗaura sai ya karye. Me ya faru?

Haidurojin ya shige shi. Asid da wutar lantarki duka suna haifar da wannan iska a fatar ƙarfe, kuma ƙarfe mai tauri irin na sifirin da maƙalan allon ƙofa yana shanye ta ya zama mai gautsi. Masana'antu kan gasa irin waɗannan a wajen digiri 200 na awoyi bayan rufi don korar ta. A gida, buroshin waya da mai sun ishe su.

Yaya ake dawo da ƙyallin sitenlas da alminiyam?

Sitenlas shi ne mai haƙuri, tunda ba rufi ba ne. Lotsawa ana fitar da ita ta baya, a ɗora a kan katako mai laushi, ana bugawa kaɗan-kaɗan da guntun itacen da aka fere daidai da siffar wurin. Sai samfefa da ruwa: 400, 600, 800, 1000, 1500, 2000. Kowace lamba a goga ta gicciye da ta baya, kuma kada a wuce sai layukan ta baya sun ɓace duka. Wanda ya tsallake lamba, zai ga karcen bayan ya gama gogewa, ya dawo baya dole. A ƙarshe faifan yadi da koren sabulun gogewa.

Alminiyam na cikin mota yawanci yana da wata tauraruwar fata da aka yi masa da lantarki. Idan ta yi hazo, gogewa ba ta ratsa ta. Ana cire ta da soda mai ƙuna, minti kaɗan kana tsaye a kai, da safar hannu da tabarau, domin tana gama fatar za ta shiga cin ƙarfen. Bayan nan sai samfefa, sabulun gogewa ruwan kasa, sannan fari. Amma ka sani ya zama tsirara ke nan, zai riƙa dushewa sai ana shafa masa kaki ko an fesa masa fenti marar launi.

A kan injin gogewa, riƙe abin a ƙasan tsakiyar faifan, inda yake juyawa ya yi ƙasa, kada ka ba shi baki ko kusurwa. Ƙananan abubuwa a ɗaure su da sukuru a jikin katako. Faifai na fizge zoben agogo ya murɗe shi kafin ƙiftawar ido.

Fentin da na fesa ya ɓare bayan 'yan watanni. Ina kuskuren?

Ko dai maiƙo ya rage, ko shimfiɗar ba ta dace ba. Fentin mai idan ya hau tutiya kai tsaye, yana haɗuwa da ita ya zama wani abu kamar sabulu a tsakani, sai ya saluɓe. Zamak da alminiyam suna buƙatar firaima mai ɗan asid da ke cizon ƙarfe, ko ta efoksi. Karce da samfefa 400, goge da tina, kada yatsa ya sake taɓawa. Fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, shafi biyu ko uku marasa kauri, minti 10 tsakani. Toshe ramukan sukuru da wuraren da abu ke zamewa. Yawancin maƙalan ciki baƙi ne mai ɗan dushi tun asali, baƙi mai walƙiya yana tona cewa an taɓa.

Fentin hoda da ake gasawa a digiri 180 zuwa 200 yana da kyau ga layin kujera, amma a kan Zamak iskar da ke cikin zubin na fitowa ta yi masa ƙuraje.

Zan iya yin rufin kurom da kaina?

A'a. Ruwan da aka saba yin sa da shi yana ɗauke da nau'in kurom mai haddasa ciwon daji, kuma zubar da shi ma sai da ƙa'ida. Fentin gwangwani da aka rubuta wa kurom ba ya jure hannu, yana komawa toka.

Hannun da ya karye biyu fa?

Walda ta yau da kullum narkar da shi za ta yi. Idan abin ado ne, huda ɓangarorin biyu, saka guntun ƙarfe mai kaurin milimita 2 zuwa 3 a tsakiya, haɗa da efoksi, ka bar shi awa 24. Idan kuwa hannun buɗe ƙofa ne, wanda rai zai iya dogara da shi ranar haɗari, a canza shi.

Akwai abin da bai kamata a taɓa ba?

Kayan bel ɗin kujera. Ƙugiyarsa da notocinsa ba a jiƙa su a asid, ba a sake musu rufi, ba a gasa su; in sun yi tsatsa a sa sababbi. Sannan tsofaffin sukurori da maƙalai masu launin azurfa marar haske ko rawaya-rawaya, da yawansu kadmiyam aka rufa musu, ƙurarsa da hayaƙinsa guba ne. Tsohon fenti ma yakan ƙunshi dalma. Kada a ƙona su, kada a kankare su a bushe. Samfefa da ruwa, da takunkumi.

Wajen mayarwa, wane mai ake sawa?

Farin giris na litiyam a layin kujera, cikin makullin ƙofa da haƙoran injin gilashi, shafi kaɗan, don mai yawa ƙura yake tarawa. Inda ƙarfe ke gugar roba, giris ɗin silikon. Ramin mabuɗi garin girafait yake so, ba mai ba. Sukurun sitenlas da zai shiga Zamak ko alminiyam a shafa masa man hana cijewa, saboda ƙarafa biyu mabambanta idan laima ta haɗa su, mai raunin ne ke ruɓewa. Fara ɗaura kowane sukuru da yatsu, ka juya shi baya har ka ji ya faɗa tsohon haƙorinsa, sannan ka yi gaba, ka tsaya da zarar ya zauna. Kada ka manta da zoben roba da ke tsakanin mariƙin gilashi da allon ƙofa, shi ke hana mariƙin yaga allon. Wayar kofaton doki kuma a jikin mariƙin ake fara saka ta. Rufe gilasan duka, daidaita mariƙan hagu da dama su kalli kusurwa ɗaya inda gwiwa ba za ta buge su ba, sannan ka danna kowanne da tafin hannu har ka ji ya ce ƙas.